Allon Baba Kuku

Ranar da firjin gidan abincin Baba Kuku ya mutu, ranar ce Injiniya ya fara ganin ta.

Ba injiniyan takarda ba ne. Mai gyaran firji da fanka ne, mutanen layi suka laƙaba masa sunan, shi kuma bai ga dalilin musu ba. Ya shigo da jakar kayan aiki a kafaɗa yana share gumi, sai ya tarar da wata budurwa tsaye a kan benci, ta ba ƙofa baya, alli a hannunta, tana rubutu a wani baƙin allo da ya cinye rabin bango. Daga tagar kicin wata murya mai kauri ce ke ba ta karatu.

"Rubuta: Kaza Alakafiranda!"

"Baba, jiya fa Alakafirando ka ce."

"Jiya zakara ne. Rubuta abin da na gaya miki."

Injiniya ya ɗaga kai ya bi allon da kallo. Shinkafa Bonjurata. Taliya Ta-Ƙi-Zama. Kifi Janar-Manaja. Wake Sai-Ka-Dawo. Shayi Difulomasiyya. Baƙaƙen ma kowanne da halinsa: wani ya juya wa ɗan'uwansa baya, wani ya zame ya faɗo ƙasan layi, wani kuma an manta da shi a gida gaba ɗaya. Bai san lokacin da dariya ta ƙwace masa ba.

Ta waiwayo. Garin alli a kumatunta, ido manya, fuska a ɗaure.

"Malam, dariya ba ta cikin abin da muke sayarwa."

"Yi haƙuri, firji na zo dubawa. Amma don Allah ki fitar da ni daga duhu. Mene ne Janar-Manaja?"

"Babban kifi ne. Ba ya aikin komai a faranti, kwanciya kawai yake a kewaye shi da kaya."

Ta faɗa ba ta ko murmusa ba, ta juya ta ci gaba da rubutunta. Shi kuwa ya wuce bayan firji ya tsuguna, ya kwance murfin da bai kamata ya kwance ba, ya mayar, ya sake kwancewa.

Baba Kuku mutum ne da ya ga duniya ta ƙofar baya. Ƙuruciyarsa duk a kicin ɗin manyan otal ya yi ta, daga wankin tukwane har aka yarda ya riƙe ludayi. A can ya gano abin da masu kuɗi ba sa so a sani: shinkafa dai shinkafa ce, suna ne ke sa mutum ya gyara zama. Da ya buɗe wurinsa sai ya ɗauko dabarar. Kullum da safe zai ɗanɗana tukunya, ya rufe ido, ya yi shiru kamar mai sauraren waya daga nesa, sannan ya ƙwala suna ta taga. In ɗanɗano ya sauya, suna ma sai ya sauya. Shi bai iya rubutu ba. 'Yarsa ce hannunsa. Karatunta bai yi nisa ba, don tun da mahaifiyarta ta rasu ta ajiye jaka ta ɗauki tire. Masu cin abinci suna kiran ta 'Yar Allo, har wasu ba su san tana da wani sunan ba.

Firji ya tashi tun ranar. Amma Injiniya ya ce irin wannan ciwon yana buƙatar bibiya. Yau ya zo jin ƙarar inji, gobe ya zo duba robar ƙofa.

"Kai Injiniya," in ji Baba Kuku wata rana, ya leƙo ta taga da wuƙa a hannu, "firjin nan fa yanzu ya fi ni lafiya. Ko ni za ka duba?"

Wani tela da wani tsohon direba, waɗanda teburin kusa da fanka ya zama kamar gadonsu, suka kwashe da dariya. 'Yar Allo ta shige kicin da sauri kamar an kira ta.

Lambar wayarta dai ya samu, da hujjar ko firji zai yi gardama. Da yamma ya tura saƙo:

"Malamata, ɗalibinki yana gaisuwa. Yau na haddace allo tun daga sama har ƙasa. Yaushe jarrabawa?"

Amsa ta daɗe ba ta zo ba. Ita rubutu a waya ba abin wasa ba ne a wurinta, kowace kalma sai ta duba ta gaba da baya.

"Sarkin Sanyi, ka faɗi tun kafin a fara. Ɗalibin kirki allo yake kallo, ba malama ba. Ka yi haƙuri da rubutuna."

"Rubutunki ne kaɗai nake karantawa in ji na ƙoshi. Kar ki sake ba ni haƙuri a kansa."

Ta karanta, ta kife wayar a ƙirji, ta sake ɗagawa ta karanta.

Haka abin ya yi ta tafiya. In ya shigo, shayinsa na zuwa ba tare da ya tambaya ba. In ta hau benci, yana riƙe mata ƙafar bencin, wai yana rawa, alhali bencin nan ko giwa ta hau ba zai motsa ba.

To amma ba shi kaɗai ke da ido ba. A tsallaken titi akwai Mai Firinta, saurayi mai tabarau da riga a goge, wanda ke buga katin biki da takardun makaranta. Mutumin kirki ne, sai dai irin mutanen nan ne da ba sa iya wuce hoto a karkace ba su miƙe shi ba. Ya daɗe yana roƙon Baba Kuku ya bari ya buga masa takardar abinci ta zamani, mai leda, kyauta. Ya kuma daɗe yana cin Wake Sai-Ka-Dawo alhali wake ba ya zama masa lafiya.

Wata safiya Injiniya yana tsugune a bayan firji, ya ga hasken ƙofa ya faɗo a kan allo, ga hannunta a gefe da alli tana ƙarasa layi. Abin ya yi masa kyau. Ya zaro waya ya ɗauka, bai gaya mata ba. Ya tura wa abokinsa Dogo, ya rubuta a ƙasa: "Ga inda zuciyata take cin abinci."

Dogo irin abokan nan ne da ba sa riƙe ruwa. Ya yanke maganar, ya bar hoton, ya watsa shi da nasa rubutun: "Wanda ya rubuta wannan a taimaka a mayar da shi aji ɗaya."

Kafin a ankara hoto ya zaga gari. Sai ga baƙin fuskoki suna shigowa, samari da 'yan mata da wayoyi a sama. Su tsaya gaban allo, wani ya karanta da muryar shaƙiyanci, sauran su riƙe ciki. Wata har ta ce, "Wai ina mai rubutun? Zo mu ɗauka tare." Da farko Baba Kuku ya ɗauka kasuwa ce ta buɗe. Sai da Mai Firinta ya tsallako ya karanta masa abin da ake rubutawa a ƙarƙashin hoton, ɗaya bayan ɗaya, yana yi yana girgiza kai.

'Yar Allo ta karɓi wayar ta duba. Ba ta karanta komai ba, hoton kawai ta kalla. Daga ƙasa aka ɗauke shi, daga gefen hagu, ga ma ƙarfen bayan firji ya shigo ciki. Mutum ɗaya ne a duniya yake tsugunawa a wurin.

Ta miƙa wayar, ta shiga kicin, ta ja ƙofa.

Baba Kuku ya jiƙa tsumma da kansa, ya hau bencin da gwiwoyinsa masu ciwo, ya goge allon tas. Sannan ya juyo ya ce wa Mai Firinta, "Bugo takardar taka."

Da Injiniya ya iso a guje, a bakin ƙofa Baba Kuku ya tare shi.

"Baba, wallahi ba da..."

"Ni an yi min dariya a kicin ɗin da ya fi gidanku girma, ban mutu ba. Amma yarinyar nan saboda ni ta bar makaranta. Abin da ya rage mata a hannu ke nan, shi take taimako na da shi. Kai kuma ka ɗauka ka kai kasuwa. In da wata magana a bakinka game da ita, haɗiye ta. Ba zan ba ka ba."

Da yamma saƙonta ya shigo, gajere:

"Ashe Malamata ɗin ma ba'a ce."

Ya tura mata ainihin abin da ya aika wa Dogo, ya ƙara da cewa:

"Ki duba da idonki. Ban taɓa yi miki ba'a ba. Na yi wauta, na amince da wanda bai kamata ba. Ki yafe min, Malamata."

"Na gani. Na yarda ba kai ka rubuta zagin ba. Amma hannuna ne, kuma ba ka tambaye ni ba. Kar ka ƙara kira na da sunan nan."

Daga nan wayarta ta yi shiru.

Takardar Mai Firinta ta iso, fes da ita, ba kuskure ko ɗaya. Lamba ɗaya, shinkafa da kaza. Lamba biyu, taliya da kifi. Lamba uku, wake. Masu zuwa kallo suka zo suka ga bango baƙi, suka koma neman wani abin dariyar. Gidan ya koma hannun masu shi, sai dai kamar an yi rasuwa. Da safe ba a jin murya daga taga. Baba Kuku yana dafawa, yana zubawa, ba ya ko ɗanɗanawa. Wata rana gishiri ya yi yawa, wata rana a neme shi a rasa.

Akwai doka ɗaya da Baba Kuku ya taho da ita daga otal, wadda ko fushi bai isa ya karya ba: duk wanda ya zauna a tebur baƙo ne, ba a korar sa. Injiniya ya san da haka. Ya zo ba jakar aiki, ya ja kujera ya zauna.

Ta zo ta tsaya a kansa da takarda, tana kallon bango.

"Lamba nawa?"

"Kifi Janar-Manaja," ya faɗa da ƙarfi yadda za a ji a kicin.

"Babu."

"To Taliya Ta-Ƙi-Zama."

"Babu. Lamba nawa?"

"A ba ni ruwa."

Ya sha ruwansa ya tafi. Washegari ya dawo ya nemi Shinkafa Bonjurata, ya sha ruwa. Haka ya yi ta yi har wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Tun tela da direba suna yi masa kallon banza, har suka fara tausaya masa.

"Yaron nan zai zama kifi da kansa," in ji tela.

Direba ya ture farantinsa. "Ni ma fa gaskiya lamba biyun nan ba ta ratsa ni. 'Yata, ce wa babanki Ta-Ƙi-Zama nake so. Wannan ta zauna da yawa."

Daga kicin aka ji an ajiye murfin tukunya da ƙarfi.

Shi kuwa Mai Firinta ya ga hanya ta buɗe. Ya fara zama a teburin gaba, har ya fara yi wa Baba Kuku zancen turo manya. Wata rana da rana ta kawo masa lamba uku, ya gyara tabarau ya sassauta murya.

"Kin ga yadda wurin nan ya yi tsaf yanzu? In Allah Ya nufa muka yi aure, ba za ki ƙara taɓa alli ba. Zan sa ki makarantar yamma a gyara miki hannu, yadda ko abokaina suka ga rubutunki ba abin da za su ce."

Ta dubi yatsunta. Tas suke, ba farin gari ko kaɗan. Ta daɗe tana kallon su.

"Makaranta ina so," ta ce a hankali. "Kuma zan koma, in sha Allahu. Amma ba don in daina ba ka kunya ba."

Ta ɗauki tirenta ta wuce. Da ta zo gaban Injiniya, ta dire masa kofin ruwa kamar kullum. Sai dai yau ta yi magana, ƙasa-ƙasa, ba ta dube shi ba.

"Ka ci wani abu kafin ka zo. Ka rame."

Baba Kuku yana taga, ya ga komai. Tsoho ba ya buƙatar a yi masa fassara.

Kashegari, Injiniya bai gama jan kujera ba sai ga Baba Kuku da kansa ya fito, faranti a hannu yana tururi. Ya dire shi a gabansa. Shinkafa ce da kaza, amma ja wur, ko daga teburin fanka ana jin ta a hanci.

"Sabon girki ne, ba shi da suna. Ni na daina raɗawa. Kai da ka iya kallon allon mutane, ci ka raɗa masa. In ya dace, ka ci gaba da zuwa. In bai dace ba, ka bar min wurina don girman Allah."

'Yar Allo ta tsaya a bakin kicin ta rungume tire.

Ya yi bismilla ya kai cokali na farko. Duk barkonon da ke kicin ɗin nan, har da na ajiya, yana cikin farantin. Kunnuwansa suka toshe. Hawaye ya ɓalle, hanci ya bi sahu. Ya miƙa hannu wajen ruwa, Baba Kuku ya janye kofin.

"Ruwa ai ka sha na shekara."

Ya ci gaba. Cokali bayan cokali, yana tari, yana share fuska da hannun riga. Tela ya ce, "Baba Kuku, ka ji tsoron Allah, ɗan mutane ne." Bai tsaya ba sai da ya ga ƙasan faranti, ya tattara 'yan ƙwayoyin da suka rage ya kai baki.

"To?" in ji Baba Kuku.

Injiniya ya buɗe baki, murya ta ƙi fita. Ya sake gwadawa.

"Baba... sunanta Shinkafa Babu-Ɗaukaka-Ƙara."

Gashin bakin tsohon ya motsa. Ya danne.

"Bai yi kama da na otal ba. Sa masa wutsiya."

"Babu-Ɗaukaka-Ƙara... Sifesiyal."

Baba Kuku ya yi ƙoƙari, Allah Ya sani ya yi ƙoƙari. Amma dariyar ta fi ƙarfinsa, ta fashe tun daga ciki, har sai da ya dafa tebur. Kafin ya tuna yana fushi, ya juya ya ƙwala kamar yadda ya saba:

"Rubuta!"

Sai kuma ya tuna. Kowa ya dubi baƙin allo, sannan aka dubi yarinyar. Ba ta motsa ba.

"In rubuta a sake zuwa kallo na?"

Injiniya ya miƙe, ido jawur, leɓe a kumbure. Bai yi mata magana a ɓoye ba, a gaban kowa ya yi.

"Na ɗauki abin da ba nawa ba, na nuna wa wanda bai san darajarsa ba. Laifina ne ni kaɗai. Ba zan iya hana mutanen gari dariya ba. Amma duk wanda ya shigo nan don ya yi miki, zai tarar da ni zaune a ƙarƙashin allon nan. In kin rubuta, na gode. In ba ki rubuta ba, gobe ma zan zo in sha ruwa."

Ta dube shi, karo na farko tun ranar da hoton ya fita.

"In na yi kuskure fa?"

"Sai mu ci shi haka."

Ta sunkuyar da kai don kar a ga bakinta. Ta ajiye tire, ta sa hannu a aljihun rigar aikinta, sai ga guntun alli. Ta hau benci. Sunan ya yi tsawo, ya cinye faɗin allon bai ƙare ba, sai ta karya shi ta gangaro da shi ta gefe, Sifesiyal ɗin yana saukowa kamar mai bin tsani. Direba ya fara tafi, tela ya kama.

"A kawo min irin nasa," in ji direba, "amma a yi min sassauci, ni ban yi laifin komai ba."

Baba Kuku ya tura wa Injiniya kofin ruwa.

"Sha. Ka turo manyanka. Amma ka ji da kyau: ba za ka kai min ita inda sai ta hau mota biyu kafin ta zo allon nan ba."

"Baba, ko ɗakin bayan firji ka ba ni, na karɓa."

Da yamma wayarsa ta yi ƙara.

"Sarkin Sanyi, yaya bakin?"

"Ba na jin sa. Amma zuciya lafiya lau. An yarda in faɗi sunan nan?"

"Faɗi mu ji."

"Malamata."

"Na'am."

Manya suka zo, aka yi magana, aka sa rana. Mai Firinta ya yi kwana biyu ba ya tsallako titi, sannan ya zo da kansa ya ce shi zai buga katin gayyata. Ya buga shi kuwa, ba kuskure ko ɗaya. Dogo ya zo ba da haƙuri, aka ba shi Sifesiyal cikakkiya, ya cinye yana kuka, aka yafe masa.

Ranar ɗaurin aure aka fitar da tebura har bakin titi. Baba Kuku ya hana kowa taɓa tukunya. Tun da sassafe yake kicin, ya yi wani girki da ba wanda ya taɓa gani, ƙamshinsa har shagon tela. Da aka fara zubawa, direba ya ɗaga murya.

"Baba Kuku! Ba ma ci sai mun ji suna!"

Jama'a suka ɗauka: suna, suna!

Tsohon ya leƙo ta taga da ludayi. Ya ɗanɗana, ya rufe ido, ya ja numfashi. Da ya buɗe, sai idonsa ya faɗa kan 'yarsa, zaune cikin kayan amarci kusa da mijinta, tana kallon sa tana jira, yatsunta har sun fara motsi a kan cinya. Ya buɗe baki. Mutumin da ya raɗa wa wake suna sau ba adadi ya nemi kalma ɗaya ya rasa.

Ya goge ido da gefen tawul ɗin kafaɗarsa.

"Ku ci kawai," ya ce. "Allah Ya yi musu albarka. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari."

Aka amsa da amin tun daga bakin kicin har tsallaken titi.